Yadda Nake Haɗa Ƙaramin Jirgin Heinkel He 219 da Kayan Aikin Akra

Cikin jiragen da Jamus ta yi farautar dare da su a Yaƙin Duniya na Biyu, uku ne suka yi suna: Messerschmitt Bf 110, Junkers Ju 88, da Heinkel He 219, wanda ake wa laƙabi da Uhu, wato mujiya. Biyun farko don wani aikin aka ƙera su, daga baya aka ɗora musu na'urar rada a hanci aka ce su je su tare jiragen Birtaniya masu ruwan bama-bamai. Na ukun kuwa tun kafin ya fara tashi a watan Nuwamban 1942 an riga an yanke cewa ɗan dare ne. Shi ya sa na fi son haɗa shi. Babu wani abu a jikinsa da ba shi da dalili, kuma wanda ya san dalilin kowane ƙarfe ba zai manna shi a karkace ba, ba zai shafa masa launin da ba nasa ba. Ko 300 ba a ƙera ba. Daren da ya fara fita aiki, 11 ga Yuni 1943, matuƙin Jamus Werner Streib ya kakkaɓo jiragen Birtaniya biyar da shi, ya dawo sansanin Venlo a Holan ya faɗi wajen sauka, jirgin ya kakkarye, shi da abokin aikinsa suka fito da ransu.

Sana'ata gyaran waya ce a Tip Toe Lane, nan Circle, gida kuma Mamobi. Na faɗi haka ne don yawancin kayan aikin da zan ambata a teburin mai gyaran waya suke, ko shagon aski, ko hannun masu fentin mota na Abossey Okai. Kwalin ɓangarorin ƙaramin jirgin na roba da fentinsa na musamman ne kawai nake sa a kawo min daga waje.

Fara da zaɓen ma'auni. Faɗin fukafukan jirgin na gaske mita 18.5 ne. A ma'aunin 1/72 zai fito santimita 26 ba kaɗan, a 1/48 santimita 38.5, a 1/32 kuwa kusan santimita 58. Na 1/32 ɗin, irin wanda Revell suke yi, yana da kyau ƙwarai, amma wanda ke zaune a ciki da falo a gidan haya ya tambayi kansa inda zai ajiye shi kafin ya saya. Na 1/72 kuma eriyarsa ta yi siririn da sai dai a yi ta maneji. Ni 1/48 na kamfanin Tamiya nake ba da shawara. Tun 1997 ya fito, amma har yau ɓangarorinsa suna shiga juna ba gardama. Idan kana da ɗan'uwa a Hambug ko Landan ko Bronx, shi za ka roƙa ya saka maka a jaka. Ka gaya masa ya bar fentin gwangwani na feshi da duk abin da ke kamawa da wuta, don ba a hawa jirgin fasinja da su. Waɗannan sai dai su biyo kayan da ake aikowa ta ruwa zuwa Tema. Fentin Vallejo kuwa da ruwa ake haɗa shi, ba shi da wannan matsalar.

Haɗa jirgi daga akwati ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan tamu ta Gana, af. Daga 1940 Turawan Ingila suna sauke jirage irin su Hurricane da Blenheim a Takoradi cikin akwatunan katako, a haɗa su a can, sannan su tashi ta Legas, Kano, Maiduguri, Khartoum har Masar. Namu na roba ne kawai bambancin.

Kayan aiki: ɗan ƙaramin almakashin yanke ƙafar waya, reza mai mariƙi, hantsaki mai tsinin baki, tabarau mai ƙara girma, samfefa mai lamba 600, 1000 da 2000 daga wurin masu fentin mota, abin goge farce na mata mai soso, tsinken sakace, audugar kunne, salatif na takarda. Gam iri uku kake bukata, kuma kowanne da wurinsa. Na farko gam ɗin roba mai ruwa-ruwa, irin Tamiya Extra Thin, wanda ke narka fuskar robar ya haɗe ta. Na biyu sufa gulu, na ƙarfe da roba. Na uku farin gam na kafinta, na gilashi kaɗai, don tururin sufa gulu yana sa gilashin roba ya yi hazo fari, kuma idan ya yi daga ciki bayan ka rufe, shi ke nan.

Kafin komai, wanke robar da ruwan sabulun wanke-wanke ka bari ta bushe. Kada ka murɗe wani ɓangare da hannu daga firam ɗin robar da ya zo a maƙale da shi. Yanke shi nesa kaɗan, sannan ka share ragowar da reza. Ka kuma gwada haɗa kowane abu a bushe kafin gam ya taɓa shi.

Mazaunin matuƙi shi ne aikin farko, kuma a wannan jirgin ba ya ɓuya, don yana can ƙarshen hanci ƙarƙashin dogon gilashi. Mutum biyu ne a ciki, sun juya wa juna baya: matuƙi yana kallon gaba, mai rada yana kallon wutsiya, gabansa akwatunan rediyo da allon rada. Launin ciki toka ce mai duhu sosai wadda Jamusawa suka ba lamba RLM 66. A fentin Tamiya XF-63 yana tsaya mata. Sai dai a wuri ɗan ƙarami duhu yana cinye komai. Don haka bayan ya bushe, ɗauki burushi mai faɗi, tsoma shi a toka mai haske, goge shi a takarda har ka ga ba ya barin komai, sannan ka riƙa shafa shi sama-sama a kan akwatunan. Gefunan da suka ɗago ne kawai za su kama, sai maɓallai da sukurori su fito. Fuskar kowane agogo a allon matuƙi, ɗiga mata ɗigon farin gam da tsinken sakace; idan ya bushe sai ya zama garau, ya yi ƙyallin gilashi.

Kujerun nan biyu su ne abin alfaharin jirgin. He 219 ne jirgin yaƙi na farko da ya shiga aiki da kujerun da ke cilla mutum waje idan abu ya ɓaci, da ƙarfin iskar da aka matse. Sun cancanci bel mai kyau. Kamfanin Eduard na ƙasar Cek yana sayar da na ƙarfe, amma takardar alminiyam ɗin da ke rufe bakin gwangwanin Milo ta ishe ka. Yanke zirin da bai wuce milimita ɗaya da rabi ba, shafa masa launin ƙasa-ƙasa mai haske, lanƙwasa shi ya kwanta a kujera yadda ƙyalle ke kwanciya, ba a miƙe ƙyam ba. Wayoyin bayan akwatunan rediyo kuma daga mataccen abin sauraro na kunne nake zaro su. Zaren jan ƙarfen da ke ciki daidai yake da wannan ma'aunin. Uku ko huɗu sun isa. Wanda ya cusa ashirin, da an rufe gilashi cunkoso kawai za a gani.

Idan kwalin ya zo da mutum-mutumin matuƙi, ni ajiye shi nake yi a gefe. Hajiyarmu ba ta son ganin siffar mutum a kabad ɗin falo, kuma ko ba don ita ba, da ka zaunar da shi ya rufe kujerar da ka ɓata dare kana yi wa ado.

Yanzu maganar nauyi, wadda ke kayar da mutane da yawa. Jirgin yana tsayawa a ƙafa uku, ɗaya a hanci, abin da ba a saba gani ba a jiragen Jamus na lokacin. Na gasken injuna da bindigogi ne ke danne gabansa. Na roba ba shi da su, don haka idan ba a yi dabara ba zama zai yi a kan wutsiya, hanci a sama. Tamiya sun yi maganin wannan tun daga masana'anta: daɓen mazaunin matuƙi da ramin tayar gaba ƙarfe ne guda mai nauyi. Abin lura kawai, gam ɗin roba ba ya kama shi, sai sufa gulu, kuma fenti yana ɓarewa a kansa idan ba ka fara goga masa samfefa ka yi masa shafen farko ba. Idan na wani kamfanin ka samu, nemi dalma: irin wadda masu faci ke maƙala wa rim ɗin mota, ko ta ragar masunta a Jamestown. Haɗa duk jirgin da salatif, har wutsiya, ɗora shi a kan fensir daidai layin da tayoyin baya za su tsaya, ka riƙa ƙara dalma a hanci da gaban injuna har ya faɗi gaba da kansa, sannan ka ƙara kaɗan a kai. Da Araldite za ka liƙe ta. Ka wanke hannu bayan taɓa dalma, kada kuma yara su same ta.

Haɗa gangar jiki da fukafukai ba shi da wani sirri. Matse ɓangarorin biyu, taɓa bakin burushin gam a kan layin, gam ɗin zai bi ta ciki da kansa. Ka bar shi ya kwana. Inda rami ya rage, cika shi da sufa gulu ka barbaɗa masa garin bakin soda, dabarar da muke gyara fasasshen murfin waya da ita, amma ka goge shi nan take, don idan ya jima ya fi robar tauri, sai ka cinye gefe ka bar tudu a tsakiya. Wutsiyar tana da kunne biyu, kuma shimfiɗarta ba a kwance take ba, ta ɗan ɗaga sama ta kowane gefe. Tsaya ta bayan jirgin ka rufe ido ɗaya ka tabbatar ɗagawar dama da ta hagu ɗaya ce. Ramukan tayoyi da ƙafafu launin RLM 02 ne, toka mai ratsin kore, XF-22 ke nan. Farfela kore ce mai duhu kusan baƙi, RLM 70.

Bindigogin ma da dalilinsu. Duk a bayan matuƙi aka jera su, a gindin fukafukai da cikin wani kwando a ƙarƙashin ciki, don walƙiyar harbi kada ta kashe masa ido cikin duhu. A wasu kuma akwai igwa biyu masu milimita 30 a gadon baya da ke kallon sama a karkace, tsarin da suke kira Schräge Musik. Jirgin Lancaster, mai ruwan bama-bamai na Birtaniya, ba shi da mai gadi ta ƙasa, sai maharbin ya lallaɓo ta ƙarƙashinsa ya harbi tankin man da ke cikin fiffike. A ƙaramin jirgi abin da ake gani ramuka ne kawai, don haka a huda su da gaske. Tsinin allurar sirinji yana fara ramin, sai ka faɗaɗa da bakin reza kana juyawa a hankali. Haka bututun da aka sa wa salansa don ɓoye harshen wuta: huda bakinsu, don toshesshen baki yana tona asirin roba tun daga nesa.

Gilashi sai an rufe shi kafin fenti. Manna salatif a kai, danna shi da tsinken sakace har layin firam ya fito, bi layin da sabuwar reza, cire na kan firam ɗin. Sabuwa nake nufi, wadda ba ta taɓa yanka komai ba. Fesa RLM 66 a kai tukuna, don shi za a gani daga ciki, sannan launin waje ya hau. Akwai wani ɗan gilashi zagayayye a gadon baya, ƙarƙashinsa eriyar neman hanya ce mai zanen tauraro; shi ma rufe shi.

Wani ɗan yayata da ke zuwa kallon aikin ya ga na ɗauko toka mai haske, ya ce, "Kawu, ba ka ce jirgin dare ba ne? Ai baƙi ya kamata." Na ce masa su ma da farko haka suka ɗauka, baƙi ƙirin suke shafa wa jiragensu na dare. Daga baya suka gane sararin sama ba baƙi ba ne. Ga farin wata, ga gajimare, ga fitilun da ake haskowa daga ƙasa, ga wutar garin da ke ci. A cikin wannan, baƙin jirgi fitowa yake raɗau. Sai suka koma shuɗi-shuɗi mai haske kusan fari, RLM 76, da dabbare-dabbaren toka mai ratsin shunayya, RLM 75, a sama. Wasu an shafa musu baƙi a ƙasa. Cikakken He 219 da ya rage yana gidan tarihin Smithsonian na Udvar-Hazy a jihar Virginia ta Amurka, kuma hotunansa suna nan a intanet: ƙasansa baƙi, samansa toka, an bi ta kai da layuka masu haske a murɗe. Ka zaɓi jirgi ɗaya mai hoto, ka tsaya a kansa. Kada ka ɗauko cikin wannan ka haɗa da bayan wancan.

Dabbare-dabbaren nan su ne rabin aikin, kuma sai da alƙalamin feshi suke yin kyau. Kada sunan ya ba ka tsoro. Shi ne wanda masu aski ke gyara layin gashi da shi, masu kek da masu kwalliyar amare ma suna da shi, kuma akwai mai batiri da ake caji, wanda ke amfani ranar da aka ɗauke wuta. Nemi mai bakin milimita 0.3 ko ƙasa. Idan da kwamfireso kake aiki, sauke iska zuwa tsakanin 12 da 15 a ma'aunin psi, kuma lallai ka sa matarin ruwa a kan tiyo, don iskar Akra ruwa gare ta. Ba tare da shi ba, kana tsakiyar aiki alƙalamin zai tofa maka ɗigon ruwa a kan fiffike.

Yanayin garin nan sai an yi shawara da shi. Da sassafe laima takan haura kashi 80 cikin 100, balle a damina daga Afrilu zuwa Yuli, kuma fentin da aka fesa a irin wannan lokacin yakan yi fari-fari ya dushe. Bari sai rana ta ɗaga, daga hantsi zuwa azahar. Da hunturu kuma akasin haka: fentin yana bushewa a iska kafin ya sauka, ya bar jiki da kaushi, ga ƙura. Maganinsa ka matso kusa, ka ƙara ruwan tsinkawa, kana gamawa ka kife babbar roba a kan jirgin. A bakin taga ko tsakar gida ake feshi, da takunkumi a hanci, ba a ɗakin da yara ke kwana ba.

Fentin ya tsinke sosai, ya fi kokon Nima tsinkewa nesa ba kusa ba: kashi ɗaya fenti, biyu ko uku ruwan tsinkawa. Sinadarin da muke wanke allon waya da shi yana tsinka fentin Tamiya, amma yana sa na Vallejo ya dunƙule ya toshe baki, shi ruwansa daban. Tinar masu fentin mota kuma a wanke alƙalami da ita kawai, ita ma sama-sama. Idan ta kwanta a kan roba tsirara cinye ta take yi.

Bayan shafen farko na toka, hanya biyu ce. Ta farko ka lulluɓe jirgin duka da RLM 76, sannan ka bi sama da ɗigo-ɗigon RLM 75. Ta biyu, wadda na fi so, ka shafe saman duka da RLM 75, sannan ka riƙa zagaya shi da siraran layukan RLM 76 masu ratsa juna, har duhun ya rage tsibiri-tsibiri. Hannu ya fi samun sauƙin jan layi a kan ɗiga ɗigo, kuma idan wani tsibirin ya yi girma, sake ratsa shi kawai za ka yi. Riƙe alƙalamin santimita biyu ko uku daga jiki. Saki iska tukuna, sannan ka ja fenti kaɗan-kaɗan, hannu yana tafiya. Kada ka tsaya wuri ɗaya, don nan take zai taru ya yi ƙafafu. Duk bayan ɗan lokaci goge tsinin allurar da audugar kunne mai laima. Ka fara gwaji a murfin tsohuwar waya har hannunka ya faɗa, sannan ka fara daga wutsiya, ka zo hanci a ƙarshe lokacin da ka ware, don hanci ido ke fara sauka. Kuma kada ka auna su da rula. Waɗanda suka yi na gasken a tsaye suke a kan fiffike da bindigar feshi, ana jiran jirgin. Wani wurin ya yi kauri, wani ya yi sirara. Idan naka ya fito a jere daidai wa daida, ya zama zanen atamfa, ba jirgi ba.

Wanda ba shi da alƙalami kada ya haƙura. Gutsuro soson katifa, tsoma shi a fenti, matse shi a takarda har ya kusa bushewa, ka riƙa dangwalawa. Gefen ba zai yi laushin na feshi ba, amma daga taku biyu yana gamsarwa.

Tambarin ruwa, wato alamu da lambobin da ake jiƙawa a zame daga takarda a manna wa jirgin, ba ya son fenti mai kaushi. Iska tana maƙalewa a ƙarƙashinsa ya riƙa ƙyallin azurfa. Fesa banish mai sheƙi tukuna, ya kwana biyu. Na Tamiya suna da ɗan kauri, ruwan ɗumi ke sa su laushi. Zame shi daga takarda zuwa wurinsa, danna da auduga daga tsakiya zuwa gefe. Rundunar da ta fi amfani da jirgin ita ce NJG 1, lambarta G9, ana rubuta ta ƙanana kafin gicciyen Jamus da ke gefen jirgin. A nan ga tarko: jirgin Streib G9+FB ne, kuma mutane suna sha'awar sa wannan lambar. Amma nasa na farko-farko ne mai tsohuwar rada da ƙananan eriya. Idan naka mai manyan eriya ne, lambar ba tasa ba ce.

Sai tambarin Nazi na wutsiya. Dokar Jamus ta hana nuna shi a irin waɗannan kaya, shi ya sa kwalaye da yawa ba sa zuwa da shi, wasu kuma sukan raba shi biyu. Akwai masu cewa tarihi tarihi ne, a sa. Ban ce sun yi laifi ba, amma ni ba na sawa. A masana'antar Heinkel ta Schwechat kusa da Biyana, fursunonin sansanin Mauthausen aka tilasta wa ƙera wannan jirgin. Waɗanda aka ƙera shi don ya kashe kuma samari ne, bakwai-bakwai a kowane Lancaster, cikin mutum 55,573 da rundunar bama-baman Birtaniya ta rasa. Su ma abin da suke saukewa a kan garuruwa ba alewa ba ce. A Hambug kaɗai, a Yulin 1943, kusan mutum 40,000 suka mutu. Ina son ƙirar jirgin, amma ba zan ajiye wa yaran gidanmu wannan tambarin a falo suna tashi da ganinsa ba.

Wajen tsufar da shi, riƙe hannunka. Yawancinsu ba su yi dogon rai ba, ba su kai ga koɗewa ba. Ɗan fentin mai na masu zane, baƙi da ruwan ƙasa, a tsinka shi sosai da farin tafentin, a taɓa a layukan jiki ya bi da kansa, bayan minti ashirin a share abin da ya fita. Hayaƙin salansa kuma da garin allin zane, ko hodar ido ta mata mai ruwan toka da ƙasa-ƙasa, a ja shi baya yadda iska za ta kai shi. Bakin bindiga a goga masa fensir 2B. Sai banish marar sheƙi, sannan a cire salatif ɗin gilashi.

Eriya ita ce ƙarshe, bayan ƙafafu da farfela, don duk wanda ya sa ta da wuri sai ya karya ta. Girmanta ma labari ne. Tsohuwar radar Lichtenstein tana aiki a wajen megahaz 490, eriyarta ƙanana. A daren 24 ga Yuli 1943, a kan Hambug, jiragen Birtaniya suka fara watsa zirin takardar alminiyam da suke kira Window, allon radar Jamus ya cika da ƙarya. Sai aka fito da FuG 220, wadda ake kira SN-2, mai aiki a wajen megahaz 90. Duk mai gyaran rediyo ya san idan megahaz ya yi ƙasa zango yana yin tsawo, kuma idan zango ya yi tsawo, eriya ma sai ta yi tsawo. Aka kafa manyan sanduna huɗu a hanci, kowanne da sanda biyu a gicciye, har suna rage wa jirgi gudun da ya kai kusan kilomita 50 a awa. Bayan shekara guda, a Yulin 1944, wani Ju 88 ya ɓata hanya ya sauka a Woodbridge ta Ingila da ita a jikinsa, asirinta ya tonu.

Na robar da ke cikin kwali sun yi kauri. Kamfanin Master na ƙasar Poland yana yin na tagulla, idan ka samu mai kawo maka. In ba haka ba, riƙe sandunan huɗu na roba, yanke na gicciyen takwas, ka maye su da waya mai kaurin milimita 0.3. Auna tsawon a jikin na robar kafin ka yanke. Don wayar ta miƙe, mirgina ta tsakanin gilashin waya da tebur. Zana layi biyu a jere a kwali, da ɗaya da ya ratsa su a tsaye, kwantar da wayoyin a kan layukan da salatif, sannan ka kawo sandar ka ɗiga sufa gulu da tsinin allura, ba daga bakin kwalba ba. Yi huɗun a kan wannan zanen ɗaya don su zama iri guda. Duba hotonka da kyau: a wasu jiragen a tsaye suke, a wasu na baya-baya an karkata su digiri 45, a wasu kuma an yi wa na ƙasa ratsin ja da fari don kada makanikai su yi karo da su. Wajen kafawa, fara da farin gam don ya ba ka lokacin gyara. Kalli jirgin ta gaba, ta sama, ta gefe. Idan takwas ɗin sun yi layi ɗaya ta kowace fuska, sannan ka ƙarfafa gindin da ɗigon sufa gulu. Guda ɗaya da ta karkace ta isa ta ja idon kowa daga duk wahalar da ka sha a fenti.

Ma'ajiyarsa akwatin gilashi ne. Masu yin tagogin alminiyam suna yanka maka na santimita 45 ta kowane gefe. Jefa ƙunshin hodar tsotse laima guda biyu a ciki, irin wadda ke zuwa a kwalin takalmi, ka nisanta shi da taga, don rana tana sa banish ya yi rawaya, zafin kwano kuma yana lanƙwasa ƙafafu. Idan za ka kai shi wani wuri, yanka soso biyu ya hau kansu ta fukafukai, tayoyi da hanci a sarari ba sa taɓa komai. A trotro kuma a cinyarka kwalin zai zauna, ko da yaron mota ya ce sai ka biya kuɗin kujera biyu.